Ranar da Gishiri Ya Shiga Tafki

A wani ƙauye na kudancin Bangladesh, can inda kogi ya kusa faɗawa teku, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Yarinyar nan ba ta iya jira ba ko kaɗan. In ana tsefe mata kai, da rabi take ficewa. In an aike ta, kafin a gama faɗin saƙon ta kai ƙofa.

Ƙauyen yana cikin wata ganuwar ƙasa mai tare ruwa. Bayan ganuwar kogin gishiri ne. Sau biyu yake cikowa a rana, sau biyu yake ja. Rijiyoyin garin duk zartsi ne, ko akuya ba ta sha. Ruwan sha ɗaya ne tak, wato tafkin tsakiyar unguwa, wanda ruwan sama yake cikawa. Ba a wanka a ciki, ba a wanki. Yaron da ya tsoma ƙafa, ranar jikinsa zai gaya masa.

Zubar da shara aikin yarinyar ne. Kamar kowa, kan ganuwa take hawa ta juye kwando a kogi. Doka ɗaya ce. Sai ruwa yana ja ake zubarwa, don ya tafi da ita. Wanda ya zubar ruwa na cikowa, sharar ta dawo mashigar ruwan maƙwabta, ya tsokano faɗa.

Wata Alhamis da safe, yarinyar tana kwance rub da ciki tana karatu. Ranar ce malamarsu Morjina, wadda suke kira Apa, take buɗe akwatin littattafai. Sai wanda ya mayar da na hannunsa ake ba sabo. Saura mata shafi shida.

“Ke! Sau nawa zan yi magana?” in ji Umma daga madafi. “Tun asuba ruwa yake ja. Kwandon nan kwanansa biyu, warinsa har cikin shinkafa.”

“Yanzun nan, Umma.”

“Yanzun nan ɗinki ya fi shekara tsawo.”

Nani, kakarta ta wajen uwa, tana zaune bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Tun da kogi ya cinye gidanta take zaune da su. Ta ce, “Bar ta. Littafin ne zai aure ta, shi zai share mata gida.”

“Kai, Nani! Ke kishi kike yi don ba ki iya ba.”

Sai da ta kai ƙarshen littafin sannan ta suri kwando ta zura da gudu. Kwandon cike yake taf. Ledojin shago, fakitin sabulun kai, bawon biskit, ƙayar kifi, da wani fasasshen galan na man girki a sama.

Tana hawa ganuwa sai ta ga ta makara. Ruwa ya juyo. Ga kumfa nan tana tahowa a hankali a kan laka.

Maƙwabciyarsu Khala Fuljan, wato Gwaggo Fuljan, tana tsugune a mashiga tana dirzar tukunya da toka. Ko ɗago kai ba ta yi sosai ba.

“Kar ki kuskura, 'yar nan. Ba ki da ido ne? Ki zuba, wallahi in kwaso in kai wa uwarki har kan tabarma.”

“Khala, yanzu fa ya juyo.”

“Ni ma yanzu zan juyo kanki. Wuce!”

Yarinyar ta sauko tana ƙunƙuni. Ta koma gida da kwando? Umma ta kama kunnenta ke nan. Kuma a makara, wasu su kwashe littattafai masu kyau.

Sai idonta ya kai kan kwalbati.

Wata 'yar magudana ce ta taso daga bakin tafki, ta bi ta ƙarƙashin ganuwa ta cikin kwalbatin, ta fita kogi. A bakinsa na wajen kogi akwai marfin ƙarfe a rataye. In kogi ya ciko, shi da kansa yake danne marfin ya rufe ruf. Haka gishiri ba ya shigowa. Wani tsoho, Haripada Mondol, shi yake duba marfin kullum da sassafe. Yara suna kiransa Dadu, wato kaka.

Yarinyar ta waiga dama, ta waiga hagu. Ba kowa. Ta juye kwandon a bakin kwalbati ta ciki. Galan ɗin ya tsaya yana kallonta. Ta samo doguwar gora ta tura shi. Ta ƙara turawa. Ta yi ta turawa har ta ji ya bugi ƙarfe, ƙwal.

“Kwalbatin ma ai kogi ya nufa,” ta ce wa kanta. “Na rage masa hanya ne.”

Ta ajiye kwando a gida ta wuce makaranta. Ita ta fara zaɓar littafi.

Da azahar 'yan makaranta suna dawowa suka ji ihu. Mata suna gudu da kwanduna. Maza suna gudu da fatanya. Ranar farin wata ya cika, kuma ranar cikar wata kogi ya fi kumbura.

Yarinyar ta kutsa cikin mutane. Sai ta tsaya cak. Magudanar tana gudu da baya! Ruwa ne jajir mai kumfa yake tuttuɗowa daga kwalbati, yana kwarara cikin tafki.

“Ku kawo buhuna! Ku kawo laka!”

Suka jefa buhu, ruwa ya ture. Suka jefa wani, ya ture. Kafin su toshe, tafkin ya canza launi.

Nani ta sauka matakala a hankali. Ta ɗebi ruwa a tafin hannu ta kurɓa. Ta tofar. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

Zafi ne ake yi na fitar hankali. Damina kuma da sauran wata biyu.

Da la'asar ruwa ya ja, maza suka sauka bakin marfi. Suka ciro galan ya maƙale tsakanin marfi da bango, ledoji sun nannaɗe shi. Aka ɗaga shi sama.

“Na wane ne wannan?”

Irin galan ɗin akwai shi a kowane gida.

Sai aka juya kan Dadu Haripada.

“Kai aka ba marfin nan! Ina kake?”

“Na duba da asuba,” in ji tsohon. “Da hannuna na share. Ba galan.”

“Da wane idon ka duba? Tsufa ya gama da kai, ka ƙi yarda.”

“Shekara ashirin ina wannan aikin.”

“To yau ka shayar da mu gishiri. Sannu da aiki!”

Yarinyar tana bayan Umma. Ta matse sabon littafinta a ƙirji, ta sunkuyar da kai.

Washegari kifayen tafkin suka taso, ciki a sama. Hankaki suka cika bishiyoyi. Unguwa ta ɗauki wari.

Yanzu ruwan sha sai wani ƙauye, tafiyar awa biyu a kan ganuwa, ba inuwa ko ta ganye ɗaya. Mutanen can ma tulu ɗaya suke ba kowace mace, suna yi suna harara. Abba yana teku wajen kamun kifi. Saboda haka yarinyar ta bar zuwa makaranta, ta ɗauki tulu ta bi Umma.

Tulun ya goge mata ƙugu har ya yi ciwo. Ƙasa ta ƙona mata tafin ƙafa. A hanya ba mai hira.

Rana ta uku Khala Fuljan ta jero da ita.

“Ke, wai rannan ina kika kai kwandon nan?”

“Gida na mayar.”

“Gida?”

“Gida mana, Khala.”

Khala Fuljan ta kalle ta sama da ƙasa. “Uhm,” ta ce, ta gyara tulunta ta yi gaba.

Dadu Haripada kuwa ya daina fitowa. Matarsa tsohuwa ce ke jan ƙafa zuwa ɗiban ruwa, can a ƙarshen layi, ba mai yi mata magana. Yara suka fara yi masa waƙa a ƙofar gida. Yarinyar in ta zo wucewa ta wajen, sai ta ƙara sauri.

A gida Umma tana raba ruwa da kofi. Na girki, na sha, na jaririyar ƙanwar yarinyar. Duk lokacin da aka miƙa wa Nani nata, sai ta ture.

“Na sha. Ba yaran.”

“Yaushe kika sha?”

“Kina waje. Ke kullum sai kin ƙirga min maƙogwaro?”

A rana ta tara Nani ta kasa tashi. Ƙafafunta sun kumbura sumtum. Ta ce kanta kamar ana sara. Aka kira ma'aikaciyar lafiya ta ɗaura mata abin awo a hannu. Ta duba, ta sake dubawa.

“Jininta ya hau sosai. Me take sha?”

Umma ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta jawo wata 'yar tukunya a rufe da ganye. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. Ruwan tafki ne.

“Inna! Me ya sa?”

“Tulu biyu ne, mu huɗu,” in ji Nani, idonta a rufe. “Ni na sha ruwan daɗi shekara saba'in. Ya ishe ni.”

Yarinyar ta fita da gudu. Ta zagaya bayan ɗaki ta durƙusa gindin ayaba. Kuka take yi har da shessheƙa.

A nan Morjina Apa ta same ta. Ta zo ne jin dalilin da ya sa rabin 'yan matan ajinta suka ɓace.

“Subhanallahi. Nani ce?”

Yarinyar ta girgiza kai. Sai ta gyaɗa. Sai maganar ta ɓalle gaba ɗaya, ba numfashi.

“Apa ni ce, galan ɗinmu ne, ni na tura da gora, ruwa ne ya juyo Khala ta hana ni, ba Dadu ba ne, wallahi ba shi ba ne, ni ce, kuma yanzu Nani za ta mutu!”

Apa ta tsuguna kusa da ita.

“Nani an ba ta magani. In ta daina shan gishiri za ta tashi, in Allah ya so. Amma Dadu fa? Kwana tara ana zaginsa.”

“Ki faɗa musu, Apa. Ke za su ji.”

“A'a. Ni na tura galan?”

“Za su dake ni.”

“Za su yi fushi. Suna da gaskiya. Ina tsaye kusa da ke. Amma bakinki ne zai faɗa. Fara da Ummanki.”

Umma ta ji komai tana tsaye a ƙofa. Ba ta ɗaga hannu ba. Da ta mare ta ma da ya fi sauƙi.

“Kwana tara kina tafiya a gefena,” in ji Umma. “Kina ganin matar tsohon nan a baya. Kika iya yin shiru?”

“Na ji tsoro, Umma.”

“Ɗauko mayafinki.”

Da yamma aka taru a gindin tsamiyar bakin tafki. Aka je aka taho da Dadu Haripada. Ya rame. Yarinyar ta tsaya a tsakiya.

“Ni na tura shara cikin kwalbati,” ta ce.

“Ɗaga murya! Da kike turawa ai da ƙarfi kika yi,” in ji wani.

Ta ɗaga. Ta faɗi komai. Wuri ya kaure.

“Na faɗa a raina!” in ji Khala Fuljan. “Wai gida ta mayar. Ka ji 'yar boko, mai ƙarya da ido biyu!”

“A kore ta daga layin ruwa!”

“Uwarta ba ta koya mata ba ne? Ko jariri ya san sai ruwa na ja ake zubarwa!”

Yarinyar ta je gaban tsohon ta durƙusa, ta taɓa ƙafafunsa. “Dadu, ka yafe min.”

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga ta.

“Ke kin yi laifi, kin kuma faɗa. Tsaya can.” Ya juya ga jama'a. “Ku kuma, ku biyo ni.”

Ya kai su bayan bukkarsa, gindin ganuwa. Wani tsibi ne a wurin, ya fi mutum tsawo. Leda ce zalla, da robobi, da silifa, da fakiti iri-iri, rana ta ƙoƙe su.

“Kun san daga ina wannan? Daga bakin marfi. Kullum kwando biyu nake cirewa. Kuna cewa ruwa na ja ya tafi da ita. Ina ya kai ta? Ya zagaya da ita ya dawo min da ita! Fuljan, ga takalminki mai ja. Ko ba shi ba ne?”

Wasu suka yi dariya. Khala Fuljan ta ja mayafi ta rufe baki. “Irinsa ne dai.”

“Ran da na kwanta ciwo, ko ba galan ɗin yarinyar nan, ledarku za ta riƙe marfin. Ita gaggawa ta yi. Ku a hankali kuke yi.”

“To Dadu, haka muka taras,” in ji wata mata. “Iyayenmu ma a kogi suke zubarwa.”

“Me suke zubarwa?” in ji Apa.

Matar Dadu ce ta amsa. “Ganyen ayaba. Fasasshen kasko. Toka. A ganye muke ƙunso gishiri, a kwalba muke sayen mai, kwalba ɗaya har ta ga jikoki. Abin da muka ba kogi, kwana uku ya ruɓe.”

“Dokar ta dace da sharar wancan lokacin,” in ji Apa. “Sharar ta canza, mu ba mu canza ba. Leda ba ta ruɓewa.”

“To ina za mu kai?” in ji Khala Fuljan. “Motar shara ce take zuwa nan? Ko hanyar mota muke da ita? In mun ƙona, yara su yi ta tari. Mai shago kuma komai a leda yake ba mu, har man cokali biyu.”

Mai shago ya ce, “Ku kuke cewa in ba ku na kaɗan-kaɗan! Ni na ƙera fakitin?”

Aka yi ta musu. Wannan ya faɗa, wancan ya ture. Yarinyar ta gaji da tsayuwa, maganar kuma tana cin ta. Ta ɗaga hannu kamar a aji.

“Ke kuma me?”

“Jirgin da yake kawo wa shago kaya ran kasuwa. Ai wayam yake komawa.”

Aka kalli juna. Mai shago ya sosa kai. Ya ce a garin kasuwa akwai mai karɓar robobi, kuma akwai wurin tara shara na hukuma. Zai yi wa mai jirgi magana.

Ba a ranar aka gama shirya komai ba. Amma an tsayar da abu uku. Abin da yake ruɓewa, rami a bayan gida. Leda da roba, cikin buhun shinkafa, a kai mashigar jirgi. Mai sayen mai kuma ya zo da kwalbarsa.

Ita ma yarinyar aka yanke mata nata. Ita za ta riƙa ɗebo wa gidan Dadu ruwa har damina ta sauka.

Sawu biyu ke nan kullum. Ta yi baƙi, ta rame. Apa tana aiko mata da darasi a takarda. Tulun farko da ta kawo gida, da kanta take tsayawa a kan Nani.

“Shanye. Ina kallo.”

“Ka ji min ɗan sanda. Uwarki ma ba ta yi min haka ba.”

“Saura kaɗan a ƙasa. Shanye.”

Aka aro injin ban ruwa aka zuƙe tafkin. Maza da mata suka shiga suka kankare lakar gishiri, suna miƙa kwando hannu da hannu. Wasu gidajen sun ci gaba da zuwa ganuwa a ɓoye. Amma duk wadda Khala Fuljan ta kama, sai unguwa ta ji sunanta. Ran kasuwar farko buhu huɗu jirgi ya ɗauka. Ran kasuwa ta biyar, ashirin da ɗaya.

Sai wata rana da hantsi gabas ta yi baƙi. Iska ta taso. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita suna tsalle, mata suka jera tukwane a bakin rufi. Ruwan farko aka bar shi ya wanke tafki, aka sake zuƙewa. Na biyu da na uku aka bar su suka taru.

Bayan sati biyu aka hallara a matakala. Kowa ya ƙi fara ɗanɗanawa. Nani ta zo tana dogara sanda, ƙafafunta sun saɓe.

“Ku matsa, matsorata. Ke, ɗebo min.”

Yarinyar ta sauka ta ciko kofi. Nani ta kurɓa. Ta juya shi a baki. Ta kalli sama. Ta sake juyawa.

“Nani, don Allah! Yaya?”

Nani ta haɗiye. Ta kafa kai ta shanye kofin tas, ta miƙa.

“Ƙaro.”

Wuri ya ɗauki guɗa da tafi. Dadu Haripada yana dariya har da hawaye. Umma ta jawo yarinyar jikinta ta riƙe ta tsam.

Da ta koma makaranta, Apa ta tsayar da ita gaban aji. “Faɗa musu abin da kika koya.”

Yarinyar ta ce, “Kogi ba ya cinye leda, dawo mana da ita yake yi. Kar a zuba, ko ruwa na ja ko yana cikowa. Kuma in ka yi kuskure, ka faɗa a ranar. Ni na yi shiru kwana tara, wasu ne suka sha wahalar.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Apa. In zauna?”

“Zauna,” in ji Apa tana murmushi.